Shawara Ga Wanda Ya Kama Sabon Aiki

Makon jiya wani saurayi ya aiko mini da takarda, ya ce an ɗauke shi aikin koyarwa, amma tun ran da ya kama barci ya ƙaurace masa. Kullum gani ya ke za a gane bai iya ba, har yana shawarar ya ajiye aikin. To, samari, dakata ka ji labarina tukuna.

Cikin shekarar 1976 Gwamnati ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka kira U.P.E. Yara suka yi ta kwararowa har malamai suka kasa, sai aka riƙa kwasarmu, horonmu bai nuna ba, ana rarraba mu ƙauyuka. Ran da na fara shiga aji hannuna na rawa, har allin ya karye. Amma babbar masifata rajista ce, ban san yadda a ke haɗa lissafinta ran Jumma'a ba, girman kai kuwa ya hana ni tambaya. Mako 3 ina ɓoye ta cikin jaka kamar kayan sata. In na ji ƙarar babur sai gabana ya faɗi, in ce sufeto ne ya iso.

Da abin ya ishe ni, na tafi wurin hedimasta na faɗa masa gaskiya. Dattijon nan ya yi murmushi, ya jawo mini kujera, ya nuna mini. Abin da ya hana ni barci kwana 21 ya ƙare kafin a kira la'asar.

Nan na gane ɓoye rashin sani shi ke ciyar da tsoro. Wanda ya ɗauke ka ya san kai sabo ne, abin da ya ke nema gare ka himma da gaskiya. Saboda haka ka shirya darasin gobe tun yau, ka nemi dattijo guda cikin abokan aiki ka riƙe shi, abin da ya shige maka duhu kuwa ka tambaya tun bai kwana ba. Matambayi ba ya ɓata.

Kada ka ajiye, samari. Ka cika zangon nan, sa'an nan ka sake rubuto mini. Allah ya ba ka sa'a, amin.

Naku,
Tsohon Malami