Gwangwanin gawayi da ake yarwa a garejojin Dakoro

A cikin tsofaffin motocin da aka daɗe ana shigowa da su Nijar daga Turai, akwai wani baƙin gwangwani da ke maƙale kusa da injin, ko a gefen tankin mai. Da zarar mota ta fara sarƙewa, makanike a Dakoro yakan kwance shi ya yar, ya ce wa mai ita kayan Nasara ne, ba shi da aiki a ƙasar nan.

Alhali kuwa a ƙasar zafi ya fi aiki. Cikinsa gawayi ne da aka sarrafa. Isansi yana tururi ko mota tana tsaye, balle a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Dakoro ke haura digiri 40. Gawayin ne ke kama wannan tururi ya riƙe. In an tada injin ya ɗumama, sai wata ƴar ƙofa ta buɗe, injin ya zuƙe shi ya ƙona. Amurka ta wajabta hana tururin fita tun 1971, Turai ta bi sahu a farkon shekarun 1990. Su lafiya suka duba; a cikinsa ma akwai sinadarin benzen mai haddasa kansar jini. Ɗan kasuwa da ma'aikaci kuwa aljihu za su duba: man da suka biya ne ke bin iska, ga shi tun da Najeriya ta janye tallafi a watan Mayu na 2023 man kwalba ya bar araha.

Sau da yawa ma ba gwangwanin ne da laifi ba. Direban da zai nufi Bermo yakan sa a ɗura masa mai da mazurari, ana jijjiga motar har ya tumbatsa. Rarar ta gangara cikin gawayin ta jiƙe shi, ƙurar hunturu kuma ta toshe masa hanyar iska.

In an cire shi, tiyo biyu ke rage a sake. Na wajen injin, in an bar shi buɗe, iska da rairayi zai riƙa zuƙa. Na wajen tanki, in an toshe shi, tankin ya rasa numfashi, ya kumbura ko ya lotse. In an bar shi buɗe, tururin ya tsiyaya ƙarƙashin motar da ke kwana a tsakar gida, taku kaɗan daga murhu.