"Rezo ne": amsar da muke biya jika goma sha biyar don mu ji

Yau maganar da ke bakinmu ba ta siyasa ba ce, amma ta shafi aljihu, kuma mun san wasu abokanmu na kasuwar waya ba za su ji daɗinta ba. Su yi haƙuri.

Sati biyu da suka wuce wani dattijo mai sauraronmu ya kira a filin gaishe-gaishe, maimakon gaisuwa sai ya kawo kuka. Ya sayi akwatin tele na intanet, irin wanda ake ce ma IPTV, ya biya jika goma sha biyar abonoma na shekara guda, an yi mishi alkawarin tasha dubu goma. Wata biyu abu ya tafi sumul. Daren da ya tara yara da maƙwabta za a kalli match, sai ɗan zoben nan ya hau juyi a tsakiyar tele, yana juyi, yana juyi, har aka tashi wasan. Ya kira yaron da ya sayar mishi. Amsa: "Baba, rezo ne." Washegari, rezo ne. Bayan kwana biyar yaron ya daina ɗaukar waya.

Wannan kalma ta rezo ta zama bargo a garuruwanmu, kowa ya yi ɓarna sai ya lulluɓa da ita. Kuma tana shiga kunne da sauƙi, don duk mun san wahalar koneksiyo a ƙasar nan, ba mai musu. Amma mun je gidan dattijon da wani abokin aikinmu mai kula da injunan tasha, kuma cikin minti goma ya bayyana cewa intanet ɗin gidan lafiyarsa ƙalau.

Bari mu fara da abin da ake sayar muna, tunda yawancinmu ba mu san me muka saya ba. Babu tasha ko guda a cikin akwatin nan. Abin da mai sayarwa ke sa miki ko sa maka shi ne jerin adireshi, ɗan fayil na rubutu da ake kira M3U, ko kuma suna da lambar sirri da adireshin wata babbar kwamfuta, serber, wadda ke zaune a wata ƙasa. Kowane layi na jerin yana cewa akwati: je wuri kaza ka ɗauko hoto. In wurin ya rufe, layin ya zama lambar wayar mamaci, ko sau ɗari ka buga ba mai ɗauka. Yaron da ke kasuwa bai mallaki serber ba, bai san inda take ba. Shi ma saye ya yi wurin wani, wanda shi ma ya saya wurin wani. Kuma mu faɗi gaskiya, tashoshin ƙwallo na biya da ke cikin jerin nan, sato su aka yi. Ba wanda zai ba ka duk gasannin Turai, da finafinan Indiya, da tashoshin Larabawa na shekara guda a kuɗin da bai kai buhun shinkafa ba, ta hanyar halal.

Shi ya sa suke mutuwa ba sallama. A watan Nuwamba na 2024 ƴan sandan Italiya tare da Europol sun rushe wata ƙungiya ta irin wannan sana'a mai masu kallo sama da miliyan 22 a duniya. Ranar da aka kashe irin waɗannan injuna, tele na ɗaukewa a gidajen mutanen da ba su taɓa jin labarin samamen ba. Mai sayarwa a nan zai ce me? Rezo ne.

To yaya mutum zai gane inda ciwon yake? Ba ya buƙatar teknisiye. Wuri uku ne: cikin gidanka, kan hanya, ko can tushe. Ɗauki wayarka, haɗa ta da wifi ɗin gidan, tsaya daidai inda akwatin yake, ba kusa da modem ba, ka buɗe bidiyo a YouTube ka sa shi a hoto mai kyau. In ya tafi ba tsayawa, intanet na isowa wurin. Daga nan kashe akwatin, ka kashe wifi na wayar, ka kunna data ta wani kamfani daban da na modem, ka sa adireshin jerin a manhajar VLC, wadda kyauta ce. In nan ma bai buɗe ba, kamfani biyu daban-daban sun kasa kawo abu guda alhali suna kawo YouTube, to matsalar tana can tushe, wato wurin wanda ya karɓi kuɗinka. Haka ta kasance a gidan dattijonmu.

Mun ce a kashe akwatin kafin gwaji, kuma akwai dalili. Galibin waɗannan lambobi na'ura guda suke yarda ta yi kallo a lokaci guda. In ka ba ƙaninka lambar don ya kalla a wayarsa a fada, duk lokacin da ya kunna, kai za a kore. Mafi muni, akwai masu sayarwa da ke sayar da lamba guda ga mutum uku ko huɗu. Da rana kowa na wurin aiki, ba a karo. Ranar babban match kowa ya kunna ƙarfe takwas, sai a yi ta turereniya a ƙofa ɗaya, hoto ya zo daƙiƙa talatin ya yanke. Wannan ba rezo ba ne, cin amana ne.

Amma kada mu wanke kanmu, wani laifin na gida ne. Akwai wanda ya fi ba mu mamaki: agogo. Yawancin akwatunan nan masu arha ba su da ɗan batirin da ke riƙe lokaci. Kuran ya ɗauke, ya dawo, akwati ya tashi kafin modem ya gama kamawa, sai ya farka yana zaton muna shekarar 1970 ko wata shekara da ta daɗe da wucewa. Shafukan da ke da kariya kuwa suna aiki da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. In kwanan watan akwati ya kauce, sai ya ƙi amincewa da takardar, ya ƙi buɗe komi, alhali wifi na nuna sanda cike. A ƙasar da kuran ke ɗaukewa sau da yawa a yini lokacin zafi, wannan ciwon yau da kullum ne. Maganinsa: shiga saiti, duba kwanan wata da awa, sa su daidai, ko ka bar modem ya kama sosai sannan ka sake kunna akwatin. Mun san mutanen da aka karɓi jika biyu a hannunsu don "reparasiyo", kuma abin da aka yi kenan, an gyara agogo.

Sai wurin ajiye modem. Mutum ya kulle shi a ɗakin kwana cikin armuwar don kada yara su taɓa, tele kuma tana can zaure, tsakani akwai katanga biyu ta siminti mai rodi da ƙofar ƙarfe. Wifi iri biyu ne, na 2,4 GHz mai tafiya nesa amma a hankali, da na 5 GHz mai gudu amma katanga na cinye shi. Fito da modem fili, ɗora shi sama, kusa da taga in na kart SIM ne. In da hali ja waya daga modem zuwa akwati, waya ba ruwanta da katanga. Kuma a ƙirga wayoyin da ke kan wifi ɗin: in mutum takwas na TikTok lokaci guda, tele ba ta da rabo. In kuwa jerin ya buɗe da datar wani kamfani amma ya ƙi a gida, a gwada canza DNS na akwatin zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1, wani sa'in nan ne kullin yake.

Akwai kuma lissafin da mai sayarwa ba ya taɓa yi maka. Hoto mai kyau na HD na son gudun wajen megabit 5 a daƙiƙa. Ninka shi da awa guda, ka raba takwas, ya haura giga biyu. Match guda da hutun rabin lokaci da sharhi, giga huɗu da wani abu sun tafi. Gidan da ke kallo awa uku kowane dare ya doshi giga ɗari biyu a wata. Wane forfe ne a aljihun ma'aikaci zai ɗauki wannan? Mutum ya gudu daga abonoma na parabol don ya yi tsada, ya zo yana zuba wanda ya fi shi a data, kuma da forfe ya ƙare ko aka rage mishi gudu, sai a ce, kun san sauran.

Za a ce muna kare manyan kamfanoni, talaka kuma shi ma yana son ya ga ƙwallo. Wallahi mun sani. Mun ga yadda garuruwanmu suka yi tsit ranar 11 ga Fabrairu 2024 da Côte d'Ivoire ta ci Najeriya biyu da ɗaya a wasan ƙarshe na CAN, kuma a lokacin muna cikin ƙarancin kuran tun da aka yanke layin da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta 2023. Mutane sun yi ta haɗa batiri da panno don kada wasa ya wuce su. Ba mu ce son kallo laifi ba ne, kuma tsadar abonoma na halal magana ce da ya kamata a yi ta daban, da babbar murya. Abin da muke ƙi shi ne a sayar wa mutum inuwar gajimare a ce mishi rumfa ce. Kokowa ta Takobi da muke kallo a Télé Sahel ba ta buƙatar jerin kowa, kuma tashoshi da yawa na labarai suna watsa shirinsu kai tsaye kyauta a shafukansu da YouTube. Wanda labarai da wa'azi da kokowa kawai yake so, an sayar mishi abin da yake da shi tun farko.

Ga wani abu da ya fi ɓata match. A watan Yuni 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan wata cuta da aka sa wa suna BADBOX 2.0, wadda ake samu a cikin akwatunan tele masu arha marasa sanannen suna, wasu tun daga masana'anta, wasu ta manhajojin da ake saukewa daga wuraren da ba na hukuma ba. Akwatin na zaune a falonka, wasu can suna bi ta intanet ɗinka suna aikinsu. Wifi ɗin nan dai shi ne wanda wayar da kake tura kuɗi da ita take kai. Kada a sa adireshin Gmail na gaske ko wata lambar sirri mai muhimmanci a irin wannan akwati.

Ga masu sayarwa, buƙatarmu ba ta da yawa. Ku faɗa wa mai saye cewa abin na iya mutuwa gobe kuma ba ku da ikon tada shi. Ku faɗa mishi gigar da zai ci. Ku yarda a gwada a gidansa tsakanin ƙarfe takwas da goma na dare, ba a butik da hantsi ba lokacin da hanya ta yi fili. Ku karɓi kuɗin wata-wata. Wanda ya dage sai na shekara a dunƙule, ya san abin da ya sani.

Dattijonmu dai ya koma kasuwa da wayarsa a hannu, ya nuna wa maigidan yaron gwajin nan na VLC a gaban mutane. An ba shi sabuwar lamba, jikkunansa ba su dawo ba. Jiya ya sake kiran filinmu, ya ce sabuwar ma ta fara juyi, amma wannan karon kafin ya kira kowa ya duba agogo.