Kwamfutar wasa: a fara lissafi daga wuta, zafi da ƙura

Da zarar sakamakon BEPC ko na Bac ya fito, alkawarin da aka yi wa yaro a farkon shekara yakan dawo ya tsaya a ƙofar ɗaki. A da keke ne ko salula. Yanzu a Yamai da Maraɗi da Damagaram, ɗan lise yakan zo da takarda a hannu, ya jera sunayen kayan da za a harhaɗa masa kwamfutar tebur ta wasa: furosesa kaza, katin hoto kaza, kwanso mai gilashi da fitilu masu canza launi. Uba ya duba bai gane komai ba sai jimillar kuɗin da ke ƙasa. Daga nan ko dai ya ce a'a, ko ya miƙa wa mai shago kuɗin ya ce a yi yadda yaron ya rubuta.

Ni ba na cikin masu cewa a hana. Na'urar da ke iya ɗaukar eFootball ko EA Sports FC ita ce dai ke iya ɗaukar haɗa bidiyo, zanen gini, taswira da koyon rubuta manhaja. Abin da nake ja da shi takardar ce. Yaron daga YouTube ya kwafo ta, kuma waɗanda suka tsara ta suna zaune a ɗaki mai sanyi, a ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa. Su sukan zuba kusan rabin kuɗin a katin hoto, abin da ya rage a raba wa sauran. Mu da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ke tafiya ta dawo da ƙarfi, in muka bi wannan tsari mun sayi doki ba mu tanadi turke ba. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu aka shafe watanni ana karɓa-karɓa.

Saboda haka kuɗin farko da za a ware na akwatin wuta ne, wanda masu gyara ke kira alimantasiyo. Shi ke karɓar wutar bango mai bolt 220 ya mayar da ita ƙaramar wutar da sauran kayan ke ci. Shi ne kuma abin da aka fi yi wa rowa, don ba a ganinsa kuma ba ya ƙara wa wasa gudu. Amma in katin hoto ya mutu, shi kaɗai ya mutu. In akwatin wuta marar kyau ya ƙone, yana iya tafiya da uwar allo da katin gaba ɗaya. A kasuwa akwai waɗanda ba su da sunan kamfani, an manna musu takardar wat 600, ka ɗaga ka ji kamar gwangwanin madara. A guje su. A nemi na kamfanin da aka sani, irin Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai wat 550 da tambarin 80 Plus Bronze. Tambarin dai shaida ce cewa ba ya ɓarnar wuta da yawa, ba rantsuwa ba ce a kan ingancinsa, amma wanda ba shi da ko wannan bai cancanci a tsaya a kansa ba.

Na biyu shi ne ondilar, wato batirin da ke riƙe na'ura na ƴan mintoci in an ɗauke wuta, don a kashe ta cikin natsuwa. A nan ma akwai tarko. Lambar da ke jikin kwalinta VA ce, ba wat ba. Ondilar mai VA 650 abin da take ɗauka bai kai wat 400 ba, mai VA 1000 kuwa wajen wat 600. Kwamfutar wasa mai matsakaicin ƙarfi da allonta suna iya cin wajen wat 300 in wasa ya yi zafi, don haka ta biyun ce ke ba da sarari. A zaɓi mai daidaita wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama.

Sai kwanso. Gilashi da fitilu kwalliya ce, kuma gilashin da aka sa a gaba yana toshe iska. A ɗauki mai raga a gaba, da fanka biyu masu shigo da iska, ɗaya mai fitarwa a baya. A ɗora shi a kan tebur, kada a ajiye a ƙasa inda ƙura ke kwanciya. Lokacin hazo a riƙa cire shi daga wuta ana hure ƙurar a kai a kai. Furosesa da katin hoto in sun yi zafi da kansu suke rage gudu don kada su ƙone, ka ga an biya kuɗin ƙarfin da ba a mora ba.

Yaron zai ce, to Baba, ai kuɗin katin hoto ya ragu. Gaskiya ne, ya ragu. Amma a tambaye shi wasannin da yake so da kuma allon da zai yi su a kai. In ƙwallo ne da GTA V da Fortnite da Minecraft a allon 1080p, kati irin Radeon RX 6600 mai GB 8 ya wadatar, kuma wat 132 yake ci. Tsohon RX 580 da ya cika shagunan okaziyo ya fi araha, sai dai yana cin wat 185, bai kai wancan gudu ba, kuma da yawansu sun sha aikin haƙar kuɗin intanet dare da rana kafin su iso mana. Ga gidan da ke amfani da sola, wannan bambancin wat ɗin kuɗin batir ne.

A furosesa ba sai an bi sabon yayi ba. Ryzen 5 5600 mai ƙwaƙwalwa shida ko Core i3-12100F sun isa, kuma ana samun uwar allo mai araha da ke tafiya da su da RAM nau'in DDR4. RAM ɗin a sayi GB 16, guda biyu masu GB 8, don biyu sun fi ɗaya mai 16 sauri. DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, a duba abin da uwar allon ke karɓa kafin a biya. Ma'ajiya SSD ce, aƙalla GB 500, tunda GTA V kaɗai yana cin wajen GB 100. Wannan ma ya tuna mana kuɗin intanet ɗin da za a sauke shi, wanda ba ya taɓa fitowa a takardar yaro. In aljihu bai kai ba, akwai hanyar da na fi so ga iyali mai albashi: a ɗauki Ryzen 5 5600G, wanda ke da nasa ƙaramin katin hoto a ciki, a fara da shi, baɗi a ƙaro kati. Sai dai a kula da haruffan. Na Intel mai F a ƙarshe, da Ryzen 5 5600 marar G, ba za su nuna komai a allo ba sai da katin hoto.

Wasu kan ce a sayi tsohuwar kwamfutar ofis, Dell OptiPlex ko HP, a saka mata kati. Yana yiwuwa, amma siraran ba sa karɓar babban kati, akwatin wutarsu ƙarami ne kuma sau da yawa na musamman, ba a sauya shi da na kasuwa. Abin da za su iya ɗauka sai irin gajeren GTX 1650 mai wat 75. Ga kuma Windows 10 da Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025, alhali Windows 11 a hukumance tana neman Intel na zubi na 8 zuwa sama. Wadda ta girmi haka arhar ta ta ɗan lokaci ce.

Malaman fizik da lissafi, wannan darasi ne ya kawo kansa aji. Ɗalibin da ke hamma in an rubuta P = U × I a allo zai farka in aka ce ya tara wat ɗin kayan da ya rubuta, ya faɗi ondilar da za ta ɗauke su, ya kuma lissafa abin da awa uku a rana za su ƙara a takardar wuta ta wata. Iyaye su ma su sa yaron ya kare kowane layi na takardarsa da bakinsa kafin jika ɗaya ta fita.

Ranar saye kuwa a je tare da shi. A sa mai shago ya haɗa kayan ya kunna a gabanku, a buɗe GPU-Z a ga ko katin shi ne sunan da ke jikinsa, don akwai tsofaffin katunan da ake sauya wa suna. A bar wasa yana gudana rabin awa ana duba zafi, a kuma karɓi rasit mai lambar kowane kaya da adadin kwanakin da za a iya dawo da shi.