Ina makomar tagogin tsoffin gine-ginen ƙasar Hausa?

A garuruwa irin su Morai da Talata Mafara da Bakura da Maradun a jihar Zamfara, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, idan magidanci ya samu sukuni bayan kaka, abin da yakan fara sauyawa a gidan gado shi ne rufi, sai kuma taga.

Akan fasa bango a faɗaɗa 'yar tagar da kakanni suka bari, a kafa ta ƙarfe ko ta gilashi, a like gefenta da siminti. Ɗaki yakan ƙara haske, amma sau da yawa daga nan ne bangon ke fara lalacewa.

Maginan dā sun san dalilin da ya sa suke yin taga ƙarama, can sama kusa da rufi. Tana fitar da iska mai zafi, tana rage ƙurar hunturu, tana kuma tsare mutuncin iyali daga idon mai wucewa. Nauyin ginin da ke bisanta yana kan azara ce, wadda ake tsagowa daga giginya, itacen da gara ba ta cika yi wa illa ba.

Idan aka faɗaɗa tagar ba tare da an sa azarar da za ta iya ɗaukar nauyin ba, sai bango ya tsage daga kusurwa. Shi kuma siminti ba ya kama jikin ƙasa sosai. Ruwan damina kan shiga ta bayansa ya rasa mafita, ya jiƙa tubali a ɓoye, har ranar da yaɓen zai ɓamɓare gaba ɗaya. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ba ta da wannan aibi, sai dai tana bukatar a riƙa sabunta ta, kuma masu wannan haƙuri sun yi ƙaranci.

Matsalar ba ta tsaya ga gidajen talakawa ba. Ranar 11 ga watan Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, ya rufta kan masallata lokacin sallar la'asar, inda aƙalla mutane bakwai suka rasu. Sarkin Zazzau, Ahmed Nuhu Bamalli, ya ce an lura da tsagewa a jikin ginin kwana guda kafin hakan. Ba taga ce ta kayar da masallacin ba, amma abin ya nuna yadda ginin ƙasa kan daɗe yana ciwo kafin ido ya gani.

A Kano kuwa, an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta kankare.

Tun 1979 Najeriya ke da hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda Gidan Makama na Kano ke hannunta. Sai dai dokarta ta fi ƙarfi a kan abin da aka ayyana a hukumance. Zauren hakimi ko tsohon masallacin ƙauye a ƙasar Mafara ba shi da mai kare shi in ban da magadansa.

Alhazan da suka taɓa zaga tsohon birnin Jidda sun ga wata hanyar. Tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin suna cikin abubuwan da suka sa hukumar UNESCO ta saka unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, kuma a 2019 Saudiyya ta ware riyal miliyan 50 domin ceto gine-gine 56 a can. A irin wannan aiki ana ƙoƙarin gyara tsohon katakon a mayar da shi gurbinsa, ana sauya abin da ya ruɓe kawai.

Ba a sa ran Zamfara, wadda ke fama da 'yan bindiga, za ta ware irin waɗannan kuɗi, kuma babu adalci a hana mutum haske da iska a ɗakinsa saboda tarihi. Amma gyaran tagar ginin ƙasa ba kuɗi mai yawa yake ci ba. Abin da ke neman gagara shi ne giginya, wadda ake sarewa fiye da yadda ake dasawa, da kuma maginin da ya san yadda ake ɗora azara, tunda 'ya'yan magina da dama sun koma aikin bulo.

Masarautun yankin, waɗanda a al'ada su ke naɗa Sarkin Magina, su ne ke da damar tattara ragowar dattawan sana'ar su duba tsoffin zaurukan fada kafin wata daminar ta sauka.