Ka Je Kanada, Wa Ka Gani?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku ma'aikatan da ke jiran a tura ku ƙaro ilmi ƙetare, ina da ƙorafi.

Wani yayana ya yi shekara uku yana karatu a Kanada. Da ya komo ya cika mu da labarin ƙanƙara da manyan kantuna. Da na tambaye shi labarin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, sai ya yi dariya ya ce, "Ai waɗannan sai a silima." Kaico! Ashe mutum ya iya kwana dubu a gida bai gaisa da masu gidan ba?

Mutanen nan suna nan da ransu: Cree, da Ojibwe, da Mohawk, da Inuit na can ƙuryar arewa. Tun daga ƙarni na 19 har cikin shekarun 1990, gwamnati da majami'u sun kwashe 'ya'yansu kimanin 150,000 zuwa makarantun kwana. A yanke wa yaro gashi, a sake masa suna, in ya furta harshen iyayensa ya sha duka. Dubbai sun mutu a can. A 2008 Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafararsu, a 2015 kuma hukumar da ta bi ba'asi ta kira abin kisan al'ada. Duk da haka ba su miƙa wuya ba. A 1999 Inuit suka sami yankinsu na Nunavut, inda harshensu ke cikin harsunan hukuma.

Wani zai ce injiniya aka tura shi koyo, ba tarihi ba. To, mu nawa aka ci tara ko aka yi wa bulala a sakandare don mun yi "banakula"? Wanda bai ga yadda ake kashe harshe da allo da alli ba, shi ne zai komo ya hana 'ya'yansa Hausa, yana cewa wayewa ce. Kada kuma mu wanke kanmu, domin Hausar nan tamu tana haɗiye ƙananan harsuna a ƙasar Bauci da Filato, muna kallo.

Saboda haka in Allah Ya sa ka je, nemi ɗaliban asalin ƙasar a jami'arka. Halarci bukukuwansu in sun buɗe ƙofa, ka zauna da ladabi, ka saurari dattawansu kafin ka ɗaga na'urar hoto. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.