Kafin a Yaye Ɗaliban Ɗinki, a Haɗa Su da Kwastoma

Duk ƙarshen zangon karatu, sassan koyar da zayyanar tufafi da ɗinki a kwalejojinmu na fasaha sukan shirya baje koli. Ɗaliban ajin ƙarshe su fito da dogayen riguna masu jan ƙasa da adon duwatsu, a tafa, a ɗauki hoto, malamai su ba da maki. Ina son wannan biki, kuma ina zuwa idan an gayyace ni. Amma a matsayina na mai gidan ɗinki a Kano, inda ake turo irin waɗannan ɗalibai sanin makamar aiki, ina ganin bai kamata rigar baje koli ta zama ma'aunin yaye ɗalibi ba. Riga ce guda, an shafe makonni ana lallaɓa ta, babu wanda ya biya kuɗinta, babu wadda za ta dawo da ita ta ce hammata ta matse.

Ɗaliban nan suna zuwa da abin da yaran shagona ba su da shi. Sun iya zana salo, sun iya fitar da shi a takardar yanka, sun san yadin da ke tsukewa bayan wanki da wanda ke zuba. Sai dai idan aka ajiye shadda yadi biyar aka ce a fitar da kaftani da wando, yaron da ya tashi a shago zai ja alli, ya sa almakashi, ya hau keke, ita kuwa mai difloma tana nan tana auna takarda. A ɗinkin mutum ɗaya, ɗan koyo ya fi ta sauri, kuma kwastoma sauri yake gani. Ɗaliba ta fara tambayar kanta amfanin shekarun da ta yi a aji.

Amfaninsu yana nan, a aikin da ake yi da yawa. Takardar yankan da ke ɓata lokaci a riga ɗaya ita ce ke sa riguna 50 su fito iri ɗaya, daga ƙaramin awo zuwa babba, ko da teloli biyar ne suka raba ɗinkin. Wadda ta iya jera takardun a kan yadi kafin yanka tana ceton kuɗi: rubu'in yadi da ya salwanta a kowace riga, a riguna 50 ya zama yadi 12 da rabi. Ribar kwangilar kayan makaranta sau da yawa a nan take shiga ko ta fita. Wannan shi ne gurbin mai karatu a sana'armu, kuma shi ne abin da na ga ba a cika jarraba ɗalibai a kansa ba.

A da, lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, wanda ya yi karatun yadi yana sa ran masana'anta za ta ɗauke shi ta ƙarasa koya masa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta daɗe da rufewa, masaƙar UNTL ma ta dakatar da aiki a 2007, na Kano da dama sun bi sahu. Abin da ke jiran ɗalibi yau shi ne ƙananan gidajen ɗinki, da aikin anko da kayan lefe, da kayan makarantu da na asibitoci, da odar da ke zuwa ta WhatsApp da Instagram. Mafi yawan waɗanda ake turo mini mata ne, kuma da yawansu a ɗaki ɗaya cikin gida za su fara, su ne masu yanka, su ne masu lissafi, su ne masu bai wa kwastoma haƙuri. Babu wani babba a kansu da zai gyara kuskure.

Za a ce ai akwai shirin sanin makamar aiki na SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973. Shiri ne mai kyau, amma ɗalibin ƙaramar difloma wata huɗu yake yi bayan shekararsa ta farko, lokacin da hannunsa bai faɗa ba. Babu mai shagon da zai miƙa masa leshin amarya ya yanka. Wasu masu shagunan ma guga da saka maɓalli da aike kawai suke ba shi, su sa masa hannu a littafi, ya koma makaranta. Laifin nan namu ne mu masu sana'a, kuma dole mu gyara.

Shawarata ita ce aikin kammala karatu ya zama oda ta gaske. Kowane rukunin ɗalibai ya nemo kwastoma da kansa: makarantar Islamiyya mai son hijabai, gidan abinci mai son rigunan ma'aikata, ko dangin da za su yi anko. Su je Kantin Kwari su taya yadi, su ɗauki awo, su yanka farashi a rubuce, su sa ranar karɓa. A cikin farashin a ga kuɗin zare da zif da gam, da man janareta, da hayar shago, da ladan mai wibin da mai guga, da ladan awannin da su kansu suka zauna a keke. Sau da yawa na tambayi ɗalibai nawa za su ɗinka riga da siket, sai su faɗi abin da suka ji maƙwabciya na karɓa. Wadda ta fara sana'a a haka za ta yi ta aiki, jari yana narkewa ba ta san dalili ba.

A sa ranar alkawari cikin maki. Duk ƙasar Hausa an san abin da ake faɗa game da alkawarin tela, musamman a goman ƙarshe na azumi. Ba duka ne rashin gaskiya ba. Yawanci rashin lissafi ne: tela bai san riga nawa shagonsa ke iya fitarwa a rana ba, sai ya yi ta karɓar kaya. Ɗalibar da ta iya ƙidaya kekuna da hannuwa da kwanaki, ta ce wa kwastoma "Hajiya, ki yi haƙuri, mun rufe karɓa," ta koyi abin da zai riƙe mata suna. Don haka ina so ɗaliban ajin ƙarshe su sake fita aiki na ɗan lokaci, kuma a daidaita shi da lokacin ɗinkin Sallah ko komawar yara makaranta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan a kawo masu sana'a cikin masu duba aikin. Tsohon tela zai juya riga ya duba cikinta kafin wajenta, ya ja ɗinkin hammata, ya ga ko zanen atamfar ya haɗu a kafaɗa. Kada kuma a yaye wanda bai zauna a keken wuta irin na masana'anta ba, bai iya daidaita zare ko gano dalilin tsallaken allura ba.

Ba ina neman a danne basira ba ne. Alphadi na Nijar ya kai baje kolin FIMA cikin hamada kusa da Agadas a 1998, Omoyemi Akerele ta kafa makon baje kolin tufafi na Legas a 2011, kuma ina fatan ganin 'ya'yanmu a irin waɗannan wurare. Amma bayan kowane mai suna akwai mai fitar da takardar yanka, da mai yanka, da mai duba inganci, da mai kula da oda. Ayyuka ne masu daraja, a gaya wa ɗalibai suna nan.

Kasuwa kuma tana nan. Abayoyin da ake shigowa da su daga Dubai da Sin ba su fi ƙarfin hannunmu ba, sun fi mu daidaiton awo da cika lokaci ne. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda ke tsara manhajar kwalejojin nan tun 1977, ita ce ke da ikon sa odar gaske cikin sharuɗɗan kammalawa. Kafin ta yi hakan, shugabannin sassa ba sa buƙatar izinin kowa don su kira ƙungiyoyin teloli na garuruwansu, a zauna a tsara yadda ajin ƙarshe na bana zai karɓi odarsa ta farko.