Wasan Banza A Waya: Araha Ba Ta Ado

Akwai wata al'ada da ta shigo mana, wadda mu ke ganin ya wajaba mu jawo hankalin malaman makaranta da akawuna a kanta tun ba ta yi nisa ba. Watau saukar da wasannin wayar hannu waɗanda aka yi wa kutse, aka buɗe abin da masu su suka kulle, don yaro ya sami makamai da kuɗin cikin wasa ba tare da ya biya ko kwabo ba.

To, bari mu duba yadda a ke yin abin. Wani mutum da ba mu san shi ba ya kan ɗauki wasan asali, ya warware shi, ya cusa abin da ya ga dama, sa'an nan ya ɗinke, ya buga masa hatiminsa a maimakon na kamfanin da ya ƙera shi. Wanda ya iya cire makulli, ai ya iya dasa ɓarawo. Mutum kuwa ba ya ɓata darensa yana wannan aiki don Allah da Annabi.

Ba zato mu ke yi ba. A shekarar 2016 masu bincike na kamfanin Proofpoint sun sami wani kwafi na wasan Pokémon Go wanda aka ɓoye wa manhajar leƙen asiri mai suna DroidJack, mai ba baƙo ikon sarrafa wayar daga nesa. A 2024 kuma kamfanin Kaspersky ya gano muguwar manhajar Necro cikin gurɓatattun kwafe na Minecraft da Stumble Guys. Gaskiya ne ta shiga har cikin rumbun Google Play, amma can akwai masu gadi da suka fitar da ita. A kasuwar bayan fage wa zai fitar?

Abin da ya fi damunmu shi ne, galibi wayar uba ce a hannun yaro. Cikinta akwai asusun da albashi ke shiga, da hotunan iyali, da sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane, da takardun ofis. Kadan wasa ya nemi izinin karanta saƙonni, aka ba shi, to, lambar sirrin da banki ke aikowa ta zama tasa. Ina ruwan wasan tsere da saƙonnin mutum? Malamin da sunayen almajiransa suka fita ta wannan hanya ya ci amana, ko da bai yi nufi ba.

Ga kuma shari'a. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta hana karya makullin da mai aiki ya sa wa aikinsa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuwa ta ɗora wa ma'aikatu nauyin tsare bayanan mutane. Su ma kamfanoni ba su barci: masu PUBG Mobile su kan kori mai maguɗi har shekara 10.

Wani zai ce, ai talauci ne, wasannin kuwa da tsada. Mun ji, ba mu musa ba. Amma wasan kyauta na halal bai ƙare ba, wanda kuwa ya ƙi biyan kaɗan ya yi asarar albashin wata, ina ribarsa? Mu da mu ke horon yara kada su saci amsa, yaya za mu ƙyale su su saba da nasarar sata a gida?

Saboda haka shawararmu ita ce, kada a sauke wasa sai daga rumbun da aka sani, a bar Play Protect a kunne, a duba izinin da ko wace manhaja ke nema. Wanda ya riga ya sauke, ya goge, ya canja kalmomin sirrinsa yau. Malamai kuma su keɓe ko da minti goma su yi wa almajirai bayani. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mu.